Kowa ya ce manhajarmu ta yi kyau, amma ba a gama rajista

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da aka ba ni jagorancin ma'aikata shida a wani ƙaramin kamfanin fasaha a Samaru, Zariya. Mun gina manhajar adashe don matan kasuwa. Kafin mu sake ta mun zagaya Sabon Gari da Tudun Wada mun nuna wa mata da dama, kowacce ta ce ta yi kyau. Yanzu ana saukewa, amma yawancinsu ba sa gama rajista. Mai kamfani ya ce matan ne ba su waye ba, ya ce a sauya launi, a sa ƙirƙirarriyar basira mai hira da mutane, a kuma sallami mai dizain ɗinmu. An ba ni mako uku. Wallahi barci ya ƙaurace mini, yaron nan yana da iyali. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ba ki mafita. Kafin komai, ki roƙi mai kamfani ya jingine maganar sallama har makonni ukun nan su cika. A yadda kika ba da labari, har yanzu babu wanda ya san inda ciwon yake, daga shi har ke. Mai yiwuwa yaron yana da laifi, mai yiwuwa ba shi da shi, kuma ba a raba mai iyali da abincinsa a kan zato.

Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne wajen da kika ce kun nuna, kowacce ta ce ta yi kyau. Da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana daga bakin wani mai kamfani ko ɗalibin da ke aikin kammala digiri ba, kuma a ganina ta kashe manhajoji a garin nan fiye da rashin jari.

Ki tuna yadda abin ya kasance. Kun je rumfar mace da tsakar rana, ku uku ko huɗu, da katin aiki rataye a wuya, kuna jefa Turanci a tsakaninku. Wayar a hannunku take, ku ke dannawa, ita nata ido. Sai kuka ce, "Hajiya, ya kika gani?" To me kuke so ta ce? Mu mutane ne masu kara. Macen da aka yi wa tarbiyya ba za ta dubi baƙon da ya taso takanas ya zo rumfarta ta ce masa aikinsa bai yi ba. Ko gishiri ya yi wa miya yawa, baƙo cewa yake Allah ya ƙara buɗi. Kara ado ce a zaman tare, kuma ina alfahari da ita. Amma wanda ya kwashi kara ya rubuta ta a rahoto da sunan sakamakon bincike, kansa ya yaudara, sannan ya yaudari wanda ya zuba kuɗi.

Na taɓa zama a bencin wata mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, muna gwada manhajar ajiya ta wani kamfani da nake yi wa aiki a lokacin. A wayarta muka sa, na ce ta buɗe asusu kamar ba na wurin. Gilashin wayar ya tsage ta kusurwa guda, rana na dukan fuskar, rubutunmu kuma toka-toka ne a kan fari, sai da ta yi masa inuwa da gefen hijabi. Da ta kai gurbin da muka rubuta NIN, wato lambar ɗan ƙasa, ta laluba jaka ta ciro wata 'yar takarda a ninke huɗu, da lambobi biyu a jiki da biro. Ta kwafi ta sama. BVN ce, lambar banki. Manhaja ta fito da jan rubutu da Turanci. Ta goge, ta sake sa lambar dai, a hankali, tana karantawa a fili. Ja kuma. Ta ɗago ta ce, "Ayya, ko na ɓata muku ne?" Ta kira yaron shagonta ta miƙa masa. Da muka tashi tafiya, abokin aikina ya tambayi ra'ayinta, ta ce, "Wallahi abin ya yi kyau, Allah ya sa albarka." Da bakinta muka bi, da mun koma ofis muna murna.

Ki lura: NIN lambobi 11 ne, BVN 11 ne, lambar waya ma 11 ce. Mutum na yawo da su duka a takarda ɗaya, mu kuma mun ba shi gurbi da haruffa uku na Turanci mun ce ya gane. Tun Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta cewa ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN, don haka wataƙila ba ku da ikon cire gurbin. Amma kuna da ikon rubuta "lambar katin ɗan ƙasa", ku sa hoton takardar da da'ira a inda lambar take, ku gaya mata in ta manta ta danna *346# a layin da ta yi rajista da shi, ko *565*0# in BVN ake nema. Haka gurbin suna: an raba shi gida biyu irin na Turawa, ita kuma ba ta san ko sunan mahaifinta za ta sa ko na maigidanta ba, in kuma bai dace da wanda ke banki ba, manhaja ta ƙi ta. Ga lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙo, alhali layin yana cikin ƙaramar wayar da aka bari a gida wajen caji. Duk waɗannan ba za su taɓa fitowa ba muddin wayar na hannunku.

Maganar "ba su waye ba" kuwa tana sosa mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Uwar adashen da ke riƙe da zubin mutum talatin a littafi ɗaya, ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, wa ke kwasa ranar Juma'a, ita ce ba ta waye ba? A farkon 2023, da takardun Naira suka yi wuya, matan nan suka koyi tiransifa cikin makonni, saboda sun ga amfaninta. Kuma ruɗewa a gaban allo ba ciwon rashin boko ba ne. A watan Agustan 2020, masu yi wa bankin Citibank na Amurka aiki sun so tura ruwan bashi na kusan dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin Revlon, sai suka tura kusan dala miliyan 900. Manhajar tana bukatar a cika gurabe uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, su kuma suka cika ɗaya, domin sunansa ya yi kama da abin da suke nufi. Mutum uku ne suka duba suka amince, dukansu ma'aikatan harkar. Sai da aka kai 2022 ana shari'a a kan kuɗin. In allo ya ruɗa waɗannan, da wane baki za a zargi mai sayar da kayan miya a Tudun Wada?

Laifin wannan tunani ina ɗora kaso mai yawa a kan 'yan kwas ɗin mako biyu, masu karɓar kuɗin yara su koya musu jan akwatuna a manhajar zane ta Figma, su ba su satifiket su ce sun zama ƙwararrun UX, wato tsara yadda mai amfani zai ji daɗin aiki da manhaja. Yaro ya fito bai taɓa zama kusa da mai amfani na minti goma ba, sai kwaso fuskokin da aka zana don sabuwar iPhone a ɗaki mai sanyi. Don Norman, masanin dizain da ya yaɗa wannan suna na UX lokacin da ya shiga Apple a 1993, abin da yake nufi shi ne duk abin da mutum ke haɗuwa da shi, tun daga kwali har zuwa neman taimako. A naku aikin, saƙon alat yana ciki, da wanda ke ɗaga waya in kuɗi ya maƙale. Sauya launi da mai kamfani ke so ɗan wannan makaranta ne. Launi yana da wurinsa: ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, Google kuma ya ce maɓalli a Android kada ya gaza 48dp (dp awon girma ne a allon waya), don yatsa ya same shi. Wannan awo ne, ba a yin sa da ra'ayin oga. Ku kuma duba Hausarku da idon Bahaushe. Na ga maɓallin tura fom da injin fassara ya mayar "miƙa wuya", na ga ƙ da ɗ suna fitowa akwati-akwati. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya fitar da irin wannan ba.

Makonni ukun sun isa. Gobe ki sa mai rubuta manhajar ya ciro miki adadin waɗanda suka shiga kowane shafi na rajista da waɗanda suka wuce shi. Inda lambar ta faɗi, nan za ki sa ido. Sannan ki nemo mata biyar da ba su taɓa ganin manhajar ba, kuma ba 'yan'uwan ma'aikata ba. Jakob Nielsen, masanin gwajin manhajoji, ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sukan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, amma sharaɗin shi ne su zama masu bukata iri ɗaya, don haka iyayen adashe biyar ɗinsu daban, 'yan zubi daban. Mutum biyu kawai za su je, ɗaya na magana ɗaya na rubutu. A wayarta, a rumfarta, da sabis ɗin wurin. Ki ce mata, "Hajiya, manhajar muke jarrabawa, in ta ƙi ki, laifinmu ne." Ki ba ta aiki: shiga adashen dubu ɗaya kullum. Daga nan ki kama bakinki. Shirun nan shi ne mafi wuya, hannunki zai yi ta ƙaiƙayin nuna mata. In ta tambaye ki, ki ce, "Da ba na nan, me za ki danna?" Ki nemi izini kafin ki ɗauki bidiyo, hannu kawai ba fuska ba, kuma kada lambobinta na gaskiya su shiga; dokar kare bayanai ta 2023 tana kanku. Ki biya ta lokacinta, ciniki kika hana ta. Gidajen cikin Birni kuma mace za ki tura. Ku gyara manyan matsaloli biyu ko uku, mako na biyu ku koma da wasu mata biyar.

A matsayinki na shugaba, abu biyu ne a wuyanki. Kada ki yi gardama da mai kamfani a ofis, ba za ki ci ba, kuma bai dace ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, awa biyu nake roƙo, ka zo ka gani da idonka, amma ba magana." In ya ƙi zuwa, ki kai masa bidiyon minti uku. Maganar ƙirƙirarriyar basira ki ce a ajiye ta sai mutane sun iya shiga ƙofa, domin tana cin data tana cin kuɗi, kuma wadda ba ta gama rajista ba ba za ta kai gare ta ba. Sabon abin da zai ɗaga ku mai yiwuwa murya ce ta Hausa a kowane gurbi, ko barin uwar adashe ta taimaka wa 'yan zubinta su yi rajista, tunda da ita suka yarda.

Na biyun yana cikin ɗakin taronku. Ina kyautata zaton a cikin mutanenki shida akwai wanda ya ga matsalar tun tuni ya yi shiru, saboda ƙarami ba ya musa wa babba a gaban jama'a. Karar da ta rufe bakin Hajiya ita ce ta rufe nasa. Binciken da Google ya fara a 2012 kan rukunonin ma'aikatansa 180 ya gano cewa abin da ya fi bambanta masu nasara shi ne mutum ya iya faɗin kuskure ba tare da tsoron a muzanta shi ba. A wajenmu faɗa da baki ba ya isa. Bayan kowane gwaji, kowa ya rubuta abin da ya gani a takarda kafin wani ya yi magana, ƙarami ya fara karantawa, ke ki zama ta ƙarshe. Mai rubuta manhajar ma ya je kasuwa ko sau ɗaya.

Shi kuma mai dizain, shi za ki ɗora a benci da littafi a hannu. Ki duba abin da zai yi bayan mace ta uku ta maƙale a wuri ɗaya. In ya dawo ya zauna yana gyara, ki tsaya masa a gaban mai kamfani da duk ƙarfinki, ki kai zanen da da na yanzu a matsayin hujja. In ya dawo yana cewa matan ne ba su gane ba, to yana bukatar horo a ƙarƙashin wanda ya fi shi, ki ba shi wa'adi a rubuce. Idan kun gama zagaye na farko, ki rubuto mini shafin da suka fi tsayawa da kalmomin da ke jikinsa, mu duba tare.