Shayina ɗaci yake yi, kumfa ba ta tashi

Tambaya: Malam, shayina kullum ɗaci, kumfa kuma babu. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Birni, Damagaram.

Amsa: Wuta ce ta yi yawa. Zuba koren ganye ƙaramin kofi 1 a buta, ka ɗauraye da ruwan zafi ka zubar, ƙura ta fita. Sa ruwa kofi 4, ka ɗora kan garwashi mai sanyin ci kamar minti 10, sannan sukari kofi 1. Kumfa kuwa daga juyi take: ɗaga buta sama, tsiyaya a kofi, mayar, har ta tsaya.

Ganyen nan ake sake dafawa: shayin farko dama ɗan ɗaci gare shi. Na biyu ya fi daɗi, musamman da na'ana'a, amma a ƙarshe ake sa ta, in ta tafasa ƙanshinta ya gudu.