Injuna Ne Suka Karya Albashinmu, Ko Manufofin Gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa. An kawo sababbin injuna masu ɗaure kaya da kansu, aka sallami da yawa daga cikin abokan aikina. Mu da muka rage aiki ya ƙaru mana, albashi kuwa yana nan inda yake. Shin injin ne ya jefa mu cikin wannan hali, kuma me doka ta tanadar mana? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya buɗa wa waɗanda aka sallama wata ƙofar. Malam, gaskiya ne injin yana rage hannayen da ake buƙata, amma ba shi ke yanke hukuncin wanda zai ci ribar ƙarin kayan da ake samarwa ba. Wannan yana hannun mai masana'anta, da dokar ƙasa, da kuma ƙarfin ma'aikata wajen ciniki.

Tarihin masaƙun Arewa ya isa shaida. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL kuma, ita ma a Kaduna, ta rufe a 2007, dubban mutane suka rasa abin yi. Ba sababbin injuna ne suka kore su ba, hasali ma tsufan injunan yana cikin abin da ya kayar da masaƙun, tare da rashin wutar lantarki, da tsadar man da ake ƙonawa a tukunyar masana'anta, da kwararowar atamfa mai araha daga waje ta hanyar fasa-ƙwauri. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, faɗuwar darajar naira ta sa sayo kayan gyara ya zama jidali. Da masana'antu suka yi ta rufewa a Kakuri da Bompai da Challawa, masu neman aiki suka yi yawa a bakin ƙofa, kuma inda mutum goma ke jiran gurbi ɗaya, wanda ke ciki ba ya iya ɗaga murya kan albashi.

Sai kuma batun darajar abin da kake karɓa. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato kimanin dala 83 a canjin lokacin. A Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000, amma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan da ya biyo baya, wannan adadi bai kai dala 50 ba a canjin lokacin. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A ganina, wannan ya cinye albashinka fiye da duk wani injin da aka girke. Ƙari a kan haka, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan masu aikin ɗan lokaci da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, kuma ta nan ne wasu kamfanoni ke sulalewa, su riƙa ɗaukar mutane ta hannun 'yan kwangila.

Game da haƙƙinku, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 20 kuma ya ce idan za a rage ma'aikata saboda an daina buƙatarsu, dole a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara sallamar da waɗanda suka zo daga baya tare da la'akari da ƙwarewa, sannan a yi iya ƙoƙari wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Idan ba a bi wannan ba, abokan aikinka za su iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano.

Ku da kuka rage, ku nemi ƙarin albashi a ƙungiyance, kuna masu kafa hujja da yawan kayan da kuke fitarwa yanzu. Ku kuma nemi a koya muku sarrafa injunan da gyaransu, domin mai gyaran injin ya fi mai ɗaurin kaya wuyar sallama.