Da wane ma'auni ake auna sabon albam?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina da ɗan shago inda nake gyaran waya da tura wa mutane waƙoƙi. Kullum sai an tambaye ni wane albam ne ya fi a cikin sababbin da suka fito. Ina jin na Hausa, ina jin Afrobeats da fuji da gambarar zamani, kuma ina so in fara rubuta sharhi a kansu. Yaya zan yi hukunci tsakanin waƙoƙin da ba iri ɗaya ba? Ko yawan masu sauraro a manhajoji shi ne hujja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Yawan masu sauraro labari ne na kasuwa, yana gaya maka abin da ya shiga, ba ya gaya maka abin da ya yi kyau. A Spotify, manhajar sauraron waƙa wadda ta shigo Najeriya a 2021, da zarar an ji waƙa na daƙiƙa 30 an ƙirga ta sau ɗaya. Wanda ya ji rabin minti ya tsallake, da wanda ya zauna ya ji ta har ƙarshe, duk lissafinsu ɗaya. Haka abin yake tun zamanin da 'yan kasuwar Alaba ta Legas ke buga faifai, wanda aka fi tallatawa shi aka fi saye. Ka san lambobin, ka ambace su idan da buƙata, amma kada su yi maka hukunci.

Tambayarka ta farko ita ce mai nauyi. Amsata a taƙaice ita ce, kowane irin kiɗa yana da abin da ya ɗauki alkawarin ba mai sauraro, kuma da wannan alkawarin ake kama shi. Mudun gero daban, ma'aunin mai daban. Kafin ka ce albam ya yi ko bai yi ba, tambayi kanka: me wannan mawaƙin ya fito yi?

Mu Hausawa kunnenmu ya taso ne a kan magana. Wanda ya girma yana jin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ya saba kiɗa ya zama shimfiɗa, zance ya hau kai. Manazarta waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ba mu kayan aiki masu kyau: a nemi turken waƙa, wato babban saƙon da aka ɗaure ta a jikinsa, a dubi gindinta da 'yan amshi ke maimaitawa, sannan a bi ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya a ga ko suna ciyar da zancen gaba. Wannan ma'auni yana aiki sosai a kan albam ɗin Hausa na yau, ko da a situdiyo aka yi shi da fiyano. Idan mawaƙi ya kawo waƙoƙin soyayya goma, ka duba ko goma ɗin ne da gaske, ko kuwa waƙa ɗaya ce aka canza mata riga. Ka saurari amsa-amo: ma'ana ce ta jawo kalmar, ko an cusa ta ne kawai don ƙarshen layi ya dace? Akwai kuma abin da yawancin masu sharhi ke tsallakewa, alhali kunnen kowane Bahaushe yana jin sa. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali. Idan aka aro karin waƙa daga wani wuri aka tilasta wa kalmomi su bi shi, sai ka ji an ja wasalin da ba a ja, an ɗaga murya inda ya kamata ta sauka, har kalmar ta fita daga kamanninta. Gwanin mawaƙi ba ya barin haka ta faru. Dubi mai kalangu: yana matse tsarkiyar a hammatarsa, fatar ta ɗaure sautin ya hau, ya saki ya sauko, duk don gangar ta bi maganar yadda baki ke furta ta. Wannan ladabin ga harshe nake nema a albam ɗin Hausa, kuma raina yana ɓaci idan na ga matashi mai murya ya yi sakaci da shi.

Sai dai ka kiyaye, kada ka ɗauki wannan ma'auni ka kai shi kan Afrobeats ka ce ai babu ma'ana a ciki. Yawancin waƙoƙin nan an gina su ne don jiki ya motsa, muryar mawaƙi ma sau da yawa tana aiki ne kamar wani kayan kiɗa. A nan abin dubawa shi ne tafiyar ganga, da sararin da aka bari tsakanin bugu da bugu, da amshin da zai liƙe a kan mutum bayan ji ɗaya. Tun da amapiano ta shigo daga Afirka ta Kudu, gangarta mai kauri ta cika waƙoƙin Legas. To ka tambaya: furodusan ya yi wani abu nasa da ita, ko ya ɗauko ta ne yadda kowa ke ɗaukowa? A kula kuma, Afrobeat ɗin Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, wani abu ne daban. Ƙungiyar makaɗa ce guda da ƙahonni da ganguna, waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai gaba ɗaya, kuma siyasa ce a bakinta. Idan wani ya ce ya bi sawun wannan gida, ka auna shi da haɗin kan makaɗansa, ka je New Afrika Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela a Ikeja, ka ji yadda abin yake a fili kafin ka yanke.

Fuji kuwa, ku 'yan Agege kun fi ni jin ta a kunne. Asalinta daga were ne, kiɗan da matasan Yarabawa Musulmi ke yi don tashin mutane sahur a watan azumi, Sikiru Ayinde Barrister ya ɗaga ta ta zama sana'a. Wannan ya sa ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato: ganguna da murya, kirari, ambaton masu hannu da shuni, da 'yan amshi. Ana auna ta da ƙarfin numfashin mawaƙi, da yadda yake sarrafa murya, da zancen da ke gudana tsakaninsa da masu ganga. Idan ba ka jin Yarabanci sosai, zauna da maƙwabcin da ke ji ya warware maka, kuma ka faɗa wa masu karatunka cewa da taimako ka fahimci kalmomin. Ita gambara, ko ta Hausa ce ko ta Turancin buroka, a kan iya zuba magana bisa kiɗa da kaifin azanci take tsayawa.

Bayan wannan sai batun albam a matsayinsa na abu guda. Waƙa mai daɗi ɗaya ko biyu ba su ne albam ba. Ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe yadda aka jera shi, ba tare da tsallake ba. Ina ya fara gajiyar da kai? Waƙar buɗewa ta shirya ka ga abin da ke tafe? Baƙin mawaƙan da aka gayyato sun ƙara wani abu, ko sunansu aka saya? Yanzu da ake biyan kuɗi bisa yawan ji, wasu na tara waƙoƙi kusan ashirin gajeru-gajeru, bakwai ne kawai na kirki. Faɗin haka aikinka ne.

Kada ka rubuta komai a jin farko. Kuma ka canza wurin sauraro, domin wannan yana tona asirin aikin situdiyo. Sa abin kunne mai kyau da dare, ka ji ko murya ta fito sarai ko kiɗa ya danne ta. Sannan ka kunna a lasifikar ƙaramar waya, irin wadda yawancin masu zuwa shagonka ke riƙewa. A nan za ka ga gangar nan mai kauri ta ɓace ɗungurungum idan mai haɗa sauti bai iya aikinsa ba, waƙar ta koma fayau. In ka samu dama ka ji ta a cikin danfo, motar hayar nan ta Legas, ana tsakiyar cunkoson Oshodi, ga ƙarar inji ga kwandasta na kiran fasinja. Amshin da ya ratsa wannan hayaniya ya iso kunnenka, an gina shi da kyau. A wannan fannin ne nake ganin albam ɗin Hausa da yawa ke baya: sautin fiyano iri ɗaya daga situdiyo zuwa situdiyo, da na'urar gyaran murya da ake ƙure wa ƙarfi har muryoyin mawaƙa uku su zama kamar ta mutum ɗaya. Muna da kalmomi, muna da muryoyi, kuma a Legas akwai ƙwararrun masu haɗa sauti birjik. Babu dalilin da zai sa a ci gaba da haƙuri da wannan.

Idan ka zo rubutawa, "ya yi daɗi" ko "bai yi ba" ba sharhi ba ne. Ka ce a waƙa ta huɗu, wajen minti na biyu, an janye kiɗa an bar murya ita kaɗai, kuma a nan ne saƙon ya shiga. Mai karatu zai iya komawa ya ji da kansa, ya yarda da kai ko ya saɓa maka. Ka ambaci furodusa da mai haɗa sauti da sunansu, don sau da yawa rabin aikin nasu ne. Idan akwai batsa a ciki, ka faɗa a fili a wuri guda, domin mai gida ya san ko zai kunna a gaban yara, amma kada wannan ya hana ka bayyana ingancin kiɗan ko rauninsa.

Da zarar an fara karanta ka, za a fara aiko maka da na goro, musamman daga masu tallata sababbin mawaƙa. Kada ka karɓa a kan albam ɗin da za ka yi wa sharhi. Idan kuma mawaƙin abokinka ne ko ɗan unguwarku, ka sanar da masu karatu tun a layin farko, ko ka bar wa wani ya rubuta.