Kafin ka sa ɗinkinka a waya

Yarona, jiya da muna rufe shago ka tambaye ni, ka ce abokinka da kuka fara koyo tare ya buɗe shafi a TikTok da Instagram, mabiya sun yi masa yawa, har daga Abuja ake turo masa shadda. Ka ce ko kai ma ka buɗe, kuma ko ya dace ka biya kuɗi Facebook su tallata ka, da yadda za ka yi hulɗa da mutane a wayar. Na ce ka bari sai na zauna, domin maganar ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin ƙofa. Ga shi na zauna.

Ka buɗe. Ban hana ka ba, kuma ba zan hana ba. Ni kaina fiye da rabin aikin da ke rataye a shagon nan ta waya ya shigo. Amma ina so ka san abin da kake buɗewa.

Lokacin da na zo Fagge a Kano koyon ɗinki, a kan tsohon keken Butterfly na ƙafa, tallarmu guda ce: mutum ya sa kaftaninsa ya tafi masallacin Juma'a, wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wa ya ɗinka maka?" Shi ke nan. Rigar ce take yawo tana magana. In ka ɓata wa mutum yadi, shi da 'yan majalisarsu ne za su sani, mutum goma ko ashirin. Yau tambayar nan ta "wa ya ɗinka maka" ita ce dai ake yi, sai dai ta koma cikin waya, kuma masu jin amsar sun zama dubbai. Yabo yana tafiya da nisa, zagi kuma ya fi shi sauri. Wannan ne ya sa nake jin tsoron wayar nan fiye da yadda kake jin daɗinta.

Abu na farko da zan roƙe ka, kuma a kansa zan fi tsananta maka: kada ka taɓa sa hoton ɗinkin da ba hannunka ya yi ba. Na san yadda ake yi. Yaro ya shiga shafin wani babban tela na Legas ko na Dakar, ya kwafo hoto, ya goge sunan mai shi, ya manna nasa. Akwai wani yaro da ya taɓa zama a kan keken da kake kai yanzu, hannunsa mai kyau ne wallahi, amma ya yi gaggawa. Ya sa hoton wata babbar riga mai aikin hannu da ba shi ya yi ba. Wani ango ya gani, ya turo shadda Getzner yadi goma da kafin alƙalami. Yaron ya kai aka yi masa aikin kwamfuta, ya haɗa, ya aika. Angon bai yi masa faɗa ba. Ya dai jera hotuna biyu a shafinsa, wanda aka nuna masa da wanda aka kawo masa, ya rubuta sunan shagon a ƙasa. Kwana uku ana yawo da hoton. Yaron nan sai da ya canza layi, ya canza suna. Kayan aro ba ya rufe katara, a waya ma ya fi saurin zamewa.

To in naka za ka sa, ka koyi ɗaukarsa. Yawancin telolin da na gani suna ɓata aikinsu ne a hoto. Ka goge rigar tukuna, ka cire zaren da ke lilo, ka goge idon kyamarar da gefen rigarka, domin maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo. Ka rataye ta a jikin farin bangon nan na waje da safe, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, kafin rana ta yi tsaye. Farar shadda a tsakar rana ƙonewa take yi a hoto, zanen jikinta ya ɓace. Da daddare a ƙarƙashin ƙwan shago kuwa, ruwan toka sai ya koma shuɗi, mai kaya ya zo yana cewa ba kalar da ya gani ba ke nan. Bayan hoton gaba ɗaya, ka matso kusa: wuya, bakin aljihu, bakin hannu inda maɓalli yake. Sannan ka juya rigar ka ɗauki cikinta, a ga kalmasa, a ga yadda ɗinkin ya miƙe ba ya rawa. Mai kwafar hoton wani ba shi da cikin riga da zai nuna. Wanda ya san kaya, da ya ga cikin ya gama yanke shawara. In kuma bidiyo ne, hannunka a kan keke ya isa, ba sai ka sa kiɗa ko ka tsaya kana rawa ba.

Kuma kada ka sa hoton mutum sanye da kayan sai ka tambaye shi. Ango musamman. Ba wanda yake so a ga rigar ɗaurin aurensa a waya kafin ranar.

Game da inda za ka fi ba ƙarfi, ni dai abin da na gani shi ne WhatsApp ya fi kawo mana kuɗi a kan duk sauran. TikTok da Instagram suna tara 'yan kallo, cikinsu akan samu mai saye jefi-jefi, kuma da ya yi niyya lambarka zai nema. Cinikin a WhatsApp ake ƙulla shi. Ka sauke WhatsApp Business, wanda suka fitar tun 2018, kyauta ne. Akwai wurin sa sunan shago da kwatance da lokacin buɗewa, akwai wurin jera hotunan kaya da farashi, kana iya yi wa kowane kwastoma alama, wannan ya biya, wannan yana jira. Abin da yara da yawa ba su lura da shi ba: sitatus ɗinka ba ya isa ga mutum sai kana da lambarsa shi ma ya adana taka. Saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda ma haka, wanda bai adana lambarka ba ba zai same shi ba. Saboda haka duk wanda ya zo awo, kafin ya fita ka ce, "Alhaji, don Allah a adana lambata." Mutum ɗari biyu da ka taɓa auna kafaɗarsu sun fi maka mabiya dubu ashirin da ba ka san ko suna sa kaftani ba. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, hoto biyu ko uku masu kyau a rana sun wadatar. In ka jera talatin, mutane rufe ka za su yi.

Kuɗin talla, ka dakata. Facebook za su karɓa, za su kuma nuna ka ga mutanen garin da ka zaɓa da shekarun da ka zaɓa, wannan gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka, in mutum hamsin suka turo yadi a mako guda, kana da hannun ɗinke su? Masu cewa ka ba su kuɗi su ƙara maka mabiya kuwa, ka rabu da su, sunaye ne kawai babu mutane a bayansu.

Wannan tambayar ta hannun ɗinkewa, a jikina na koye ta. Azumin 2019 ne aiki ya fara shigo mini sosai ta waya. A da, in shago ya cika da yadi, ido yana gani, sai in ce wa mai kawowa ya yi haƙuri. A waya ba ka ganin tulin. Kowa ya turo saƙo sai in ce "ba damuwa, Allah ya kai mu." Daren Sallah ya same mu da kaya bakwai ko yanka su ba a yi ba. Cikinsu akwai na wani bawan Allah da 'ya'yansa maza uku, ya aiko daga Gusau tun farkon azumi. Ya kira ni bayan an sauko daga Idi, bai ɗaga murya ba, ya ce yaran da tsofaffin kaya suka je. Har yau in na tuna muryarsa sai jikina ya yi sanyi. Mutane sun riga sun sa wa tela sunan mai saɓa alkawari, ni kuma ranar na ƙara musu hujja. Tun daga nan nake ƙirga abin da kekunanmu za su iya fitarwa, in ya cika in rubuta a sitatus cewa an rufe karɓar ɗinkin Sallah, ko da goma ga azumi ne. Za ka yi mamaki, wannan rubutun ya fi kowane hoto kawo mini mutane bayan Sallah.

Mai nisa, kada ka yarda ya auna kansa ya turo maka lambobi. Ko ya je wurin tela na kusa da shi a auna shi, ko ya haɗo da rigar da ta zauna masa daidai a cikin yadin. Duk abin da kuka yi magana, kalar zare, irin wuya, kuɗi, ranar karɓa, ka rubuta masa a saƙo guda ya amsa da "na yarda". Saƙon murya yana da daɗi, amma ranar gardama ba wanda zai zauna yana sauraren ashirin. Kuɗi kuma, hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe asusunka da kanka, na banki ne ko OPay ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su bar shago. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma tiransifa, maƙwabtanmu nawa aka yi wa wannan. In ka kai kaya tasha, ka ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar da ta direba, ka tura wa mai kaya tun kana tsaye a wurin.

Littafin awon nan da kake gani ina fama da shi, kar ka raina shi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida. A shekarar ne gwamnati ta rufe Twitter tun daga Yuni har Janairun 2022, kuma a watan Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, mutanenmu na can muka daina jin su makonni. Ban da satar waya da ƙwace shafi. Shafin nan haya kake yi a gidan wasu. Suna da lamba da awon kowane kwastoma su kasance a takarda.

Sai maganar mutane, wadda ka haɗa da tambayarka. Zaurukan teloli na WhatsApp suna da amfani in ka shiga da ladabi. A nan za ka ji wa ya sauke sabuwar shadda a Kantin Kwari, wane mai bugu ne ba ya ɓata kaya, wa ke gyaran keke da gaskiya. In an kawo maka aikin da ya fi ƙarfinka, ka tura wa wanda ya iya, ka gaya wa mai kaya gaskiya. Wanda ka tura wa ba zai manta ba. In ka ga aikin wani ya yi kyau ka yaba da sunansa. Amma lambar sana'a ba wurin rigimar siyasa ko ta malamai ba ce, mai kawo maka ɗinki yana kowane ɓangare. Kuma wanda kuka saba a waya, in an yi masa rasuwa ko haihuwa kana gari, ka taka ka je, zumunci a ƙafa yake.

Abu guda ya rage tsakanina da kai. Ba a yaye ka ba tukuna. Abin da ka ɗinka a shagon nan da yankana, ka rubuta cewa aikin shagonmu ne. Wanda ka yanka ka ɗinka da kanka daga farko har ƙarshe, na duba na ce ya yi, wannan naka ne, ka sa sunanka, ni ma zan sa shi a nawa sitatus ɗin in ce yarona ne ya yi.

Kaftanin ruwan ƙasan nan da ke hannunka, aljihun hagu ya ɗan karkace, ka farke ka mayar yau. Gobe ka zo da wuri da wayarka a cike da caji, mu goge shi mu rataye a bangon waje kafin rana ta ɗaga.