Kayan anime: yaya zan gane jabu, kuma ina zan saro na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shagon kayan waya a Kaduna, kuma na fara haɗawa da kayan anime (finafinan zane na Japan), wato 'yan tsanar Naruto da One Piece da riguna da maƙalan makulli. Wani dila a intanet ya yi mini tayin Nendoroid, ƙananan 'yan tsanan nan masu babban kai, a kan kwatan farashin da nake gani a Japan, ya ce masana'anta ɗaya ce ke yin su, kwali ne kawai babu. Ga shi kuma wani kwastoma ya dawo mini da guda, ya ce jabu na sayar masa. Yaya zan bambance, kuma ina mafita ga mai ƙaramin jari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka karɓi tayin nan. Tun kafin ka riƙe kayan a hannu, farashin ya riga ya gaya maka ko mene ne. Nendoroid kayan kamfanin Good Smile Company ne, wanda ya fara fitar da su a 2006, kowanne da lambarsa, kuma sabo a Japan yakan kama daga yen 5,000 zuwa sama. Ka ɗora kuɗin dako da na kwastan a kai. Wanda zai ba ka shi a kwata, har ya ci riba, to bai biya masu haƙƙin mallaka ko sisi ba. Zancen "masana'anta ɗaya ce" da "babu kwali" da "samfurin China" tsohon salon masu jabu ne. Abin da ke sa ya shiga kunne shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki: yawancin na asalin ma a China ake ƙera su, bisa odar kamfanonin Japan. Saboda haka ganin an rubuta cewa a China aka yi ba hujjar jabu ba ce, amma kuma ba ya wanke dilanka.

Idan kaya ya zo hannunka, fara da kwali. Na asali yana ɗauke da tambarin kamfanin da ya ƙera, irin su Bandai Spirits, Banpresto, Kotobukiya, MegaHouse ko Max Factory, sannan da layin haƙƙin mallaka mai alamar ©. Masu jabu sukan kwafi hoton kwalin gaba ɗaya su goge tambarin kamfani, sai ka ga fili fayau a kusurwar da ya kamata ya zauna. Launin kwalinsu yakan dusashe, rubutu ya yi dishi-dishi. Lambar sanduna (barcode) ta kayan da aka yi wa rajista a Japan tana farawa da 45 ko 49. Kayan One Piece da Dragon Ball kuwa sukan zo da sitika mai hoton kyanwa ta Toei Animation, kamfanin da ke shirya finafinansu, launinta na sauyawa gwargwadon kasuwar da aka nufa. Sai dai ina jan kunnenka: sitika ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo, kuma ba kowane kamfani ke liƙa ta ba. Ta taimaka maka, amma kada ka rataya jarinka a kanta.

Inda jabu ba ta iya ɓuya shi ne fuska. Nan nake so ka ɓata lokaci. Buɗe shafin kamfanin, ka ajiye hotonsu kusa da abin da ke hannunka, ka kalli idanu. A na asali an buga su daidai wa daida, a jabu sai ka tarar ido ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi, ko gira ta karkace. Fatar na asali ba ta ƙyalli, ta jabu kuwa tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Fenti yakan tsallake iyakarsa, na gashi ya hau goshi, na takalmi ya hau ƙafa. Shafa gefen hannu da gashi, za ka ji kaifin roba inda aka haɗa ɓari biyu ba a goge ba. Gaɓoɓi ko dai su yi sako-sako har kai ya riƙa faɗuwa, ko su ƙage har su karye a juyin farko. Juya gindin da take tsayawa a kai, ka nemi rubutun haƙƙin mallaka da aka saba sakawa a wurin. Sannan ka sansana: warin roba mai hawa kai alama ce ta kayan haɗi marasa kyau, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, domin wasu iyayen yara ƙanana suke saya wa, su kuwa komai baki suke kai shi. Shafin MyFigureCollection yana da hotunan jabu da masu tara kayan suka ɗora a ƙarƙashin samfura da yawa, ya cancanci ka riƙa leƙawa kafin kowane sari.

Yanzu maganar jari, wadda ita ce ainihin damuwarka. Akwai rukunin kaya na asali masu sauƙin kuɗi da 'yan kasuwarmu ba su cika lura da su ba. Kamfanonin Banpresto da Sega da Taito da FuRyu suna ƙera 'yan tsana don injinan wasa na Japan, waɗanda ake jefa kuɗi a ciro kyauta da ƙugiya. Waɗanda suka ci sukan sayar wa shaguna, shagunan su sayar da rahusa, sau da yawa ƙasa da rabin kuɗin Nendoroid, a kwalinsu ba a buɗe ba. Da lasisinsu, da kyansu daidai gwargwado. Da ni ne kai, da su zan fara. Ka nema a shagunan intanet na Japan irin su AmiAmi ko HobbyLink Japan, na hannu kuma a Mandarake ko Suruga-ya, inda ake bayyana yanayin kaya da na kwali. Idan shago ba ya aikowa Najeriya kai tsaye, akwai kamfanonin da ke saya a madadinka su tara su aiko, kamar Buyee da ZenMarket. Ka lissafa dako da kyau kafin ka biya, don kwalayen nan cin wuri gare su, wani lokacin kuɗin aikowa ya kai na kayan. Masu tsada, irin waɗanda ake yin oda watanni kafin su fito, kada ka ajiye su a kanta. Kwastoma ya ba da kafin alƙalami tukuna, sannan ka yi oda. Kasuwarsu a nan ba ta da faɗi, kuma ba kowane gida ke son mutum-mutumi ba.

Shi kuwa wanda ya dawo maka da kaya, ka duba su tare da shi. In jabu ce, mayar masa da kuɗinsa cif. Masu tara irin waɗannan kaya ba su da yawa, sun san juna, suna da zaurukansu na WhatsApp, kuma labarin shago yana zagawa a cikinsu da wuri. Sayar da jabu da sunan asali algus ne, ka kuma san hukuncinsa a addini. Ta fuskar hukuma ma, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta cinikin kayan da aka kwafa ba izini, kuma kwastan na da ikon ƙwace su a tasha. Sauran da ke shagon ka tantance su ɗaya bayan ɗaya, kada ka ƙara saro irinsu, kada kuma ka cakuɗa su da sababbin da za su zo. Duk odar da ka yi daga yanzu, ka adana rasidin shagon Japan ɗin, ka ɗauki hoton kwali ta kowane gefe ranar da ya iso, ka nuna wa mai saye tun kafin ya tambaya.