Da An Canza Darasi Sai Kuka

Tambaya: Malama, an ba ni ajin yara 8 masu buƙata ta musamman, ɗaya a kan keken guragu. Kaya sun cika ko'ina, kuma da na canza darasi sai kuka ya ɓarke. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kukan nan ya taɓa hana ni barci, don haka da shi zan fara. Yaro yana firgita ne idan bai san abin da ke tafe ba. Ni hotuna na jera a bango daidai idonsu: gaisuwa, karatu, hutu, wanke hannu, tashi. In mun gama abu, yaro ya cire hotonsa da hannunsa ya jefa a kwando. Akwai yarinyar da ta daina kwanciya a ƙasa tun da aka bar mata cirewar. Saura minti 5 a canza darasi, ki sanar da su.

Kaya kuwa, ki kwashe mafi yawa ki kulle a kabad. Na ranar kawai za ki fitar, kowace roba da hoton abin da ke ciki.

Keken nan, ki zauna a kai da kanki ki zaga ajin. Duk teburin da ya tare ki, ki matsar da shi.