Filin Tambayi Maharbi: Harsashin jan ƙarfe ko na dalma a farautar barewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali? Ni ɗan Kano ne amma shekara shida ina zaune a Sakaramento, jihar Kalifoniya a Amurka. Abokin aikina ya ja ni farauta har na yi kwas na samu lasisi, na sayi bindiga .308. Sai na je shago aka ce min a jihar nan an hana harbin dabba da harsashin dalma, sai na jan ƙarfe. Ga su nan birjik, Barnes, Hornady, Federal, Nosler, duk na rikice. Wasu kuma na cewa na jan ƙarfe huda dabba kawai yake ya wuce ta gudu da rauni. Dan Allah wanne zan ɗauka? Daga Baban Hanifa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Baban Hanifa, Allah ya raya mana Hanifa. Mai shagon gaskiya ya faɗa maka, tun 1 ga Yulin 2019 dokar ta game duk Kalifoniya, kuma asalinta wata ƙatuwar ungulu ce da suke kira kondo (condor), wadda a 1987 saura guda 27 kacal a duniya har sai da aka kame su duka aka killace. Maharbi zai feɗe barewa ya bar kayan ciki a daji, tsuntsuwar ta sauko ta ci da ɓurɓushin dalma a ciki, shikenan sai ta mutu.

Toh bari mu zo kan harsashin. Na gargajiya cikinsa dalma ne an yi masa riga da jan ƙarfe, in ya daki nama sai ya baje ya riƙa marmashewa, wani sai ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a jikin dabbar. Na jan ƙarfe kuwa curi ɗaya ne da rami a hancinsa, yana shiga hancin ya buɗe gida huɗu kamar fure, gefen da kaifi wallahi har ya taɓa yankata a yatsa, kuma yawanci sama da kashi 95 cikin 100 na nauyinsa na nan. Na gwada da kaina, na jera galan-galan na ruwa guda shida na harba kowanne iri. Da na tace ruwan na dalma da farin ƙyalle sai ga wani toka-toka kamar garin kwalli da 'yan ɓaraguzai, shi kuwa na jan ƙarfen na tsince shi a galan na ƙarshe shi kaɗai, fes.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dalma na da wajen giram 11.3 a kowace santimita kiyubik, jan ƙarfe kuma 8.9, saboda haka in nauyinsu ɗaya na jan ƙarfen ya fi tsawo. Kuma da yake ya fi tauri, gudu yake so kafin ya buɗe. Kamfanoni kan ce ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan ya isa, ni dai ban yarda in harbi dabba ƙasa da 2,000 ba. Daga nan maganar "huda kawai yake" ta samo asali, mutum zai ɗauki mai nauyi irin wanda ya saba da shi a dalma, ya harba daga nesa mai tsanani, harsashi ya isa a gajiye bai buɗe ba, sannan ya dawo yana zagin jan ƙarfe. Kai ka sauko a nauyi. A .308 ɗinka giren 130 ko 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) ya wadatar, musamman ma barewarku mai baƙar wutsiya da ba ta da wani girma, kar ka kula 180. Giren 130 na fita baki da gudun da ya kai wajen ƙafa 3,000 a sakan, in dai harbinka bai wuce mita 250 ba babu abin fargaba.

Su kansu harsasan, Barnes ne tsohon hannu, tun 1989 suka fito da samfurin da suka kira X, daga baya TSX, sannan TTSX mai ɗan tsinin roba shuɗi. Tsakanin biyun ƙarshen nan ni TTSX nake zaɓa, don tsinin na taimaka wa hancin ya buɗe kuma ramin da ke ƙarƙashinsa ya fi faɗi. Hornady CX, wanda ya gaji GMX, da Nosler E-Tip ba zallar jan ƙarfe ba ne, an gauraya da tutiya kaɗan, wajen kashi 5, masu amfani da su na yaba cewa ba sa barin dauɗar ƙarfe da yawa a bututu, sai dai suna da ɗan taurin kai, su ma gudu suke so. Federal Trophy Copper shi ma ɗan gidan ne. Akwai kuma wani ɓangare daban irin su Hammer, waɗanda da gangan aka yi su fiffiken ya karye ya watsu gindin ya wuce, suna kayar da dabba da wuri amma galibi masu ɗura harsashinsu da kansu ke saye, kai da ka fara bana bar su tukuna.

Gaskiyar magana a kan barewa bambancin waɗancan huɗun bai kai yadda ake ta musu ba, bindigarka ce za ta zaɓa. Ka wanke bututu tas, ka sayi kwali biyu ko uku iri daban-daban, eh na san da tsada, ka je filin gwaji ka harba uku-uku a mita 100, wanda ya fi taruwa waje ɗaya shi ne naka. Sai ka sake saita madubin da shi, kar ka yi saiti da na dalma mai araha ka tafi daji da na jan ƙarfe, ba waje ɗaya suke sauka ba. Wajen harbi kuma ka ɗan matso gaba kan allon kafaɗa maimakon can bayan haƙarƙari, ƙashi na taimaka masa kuma ba ya lalata nama kamar na dalma. Kusan kullum zai fita ta ɗaya gefen, don haka ka duba abin da ke bayan dabbar kafin ka taɓa kunama. Ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka.

Tambaya: Malam ina wuni. Mijina na farauta a nan Minesota, kuma da harsashin dalma yake harbi, firizarmu cike da naman bara har na niƙa wani. Ina da juna biyu da yaro ɗan shekara 2. Mu ci? Daga Maman Sadiq.

Amsa: Ƙanwata, ke da yaron ku bar naman nan, musamman niƙaƙƙen. A jiharku ɗin nan a 2008 hukumar kula da namun daji ta yi gwaji da gawar tumaki ta ɗauki hoton ƙashi, aka ga ɓurɓushin dalma har inci 18 daga inda harsashi ya bi, ƙanana ne ba ki ganinsu ba ki jinsu a haƙori, wanki da dahuwa kuma ba sa fitar da su, injin niƙa kuwa sai ma ya gauraya su da sauran naman. A shekarar ne aka janye naman barewa daga rumbunan abincin mabuƙata a Dakota ta Arewa saboda haka. Likitoci sun ce babu wani adadin dalma da za a ce ba komai a jinin yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga Zamfara a 2010, Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Na ki bai kama ƙafar wannan ba ko kusa, kar hankalinki ya tashi, amma gubar ɗaya ce. Ki faɗa wa likitarki a awo na gaba a duba jininki da na Sadiq, gwaji ne mai sauƙi. Shi kuma maigidan ki nuna masa amsar da na ba Baban Hanifa, lokacin farautar bindiga a Minesota sai Nuwamba, yana da isasshen lokacin da zai sayi kwali ɗaya ya saita bindigarsa. Allah ya sauke ki lafiya.